Ninka kuɗi a cacar rulet: shin akwai dabarar da ke cin gidan caca?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Ƙanena ya faɗa wata caca ta waya da ake kira rulet, wadda faifai ke juyawa, mutum ya sa kuɗi a kan ja ko baƙi. Ya ce ya gano lagonta: duk sanda ya faɗi sai ya ninka kuɗin, in ya ci sau ɗaya ya mayar da asararsa har da riba. Sati uku ke nan yana nuna mini riba. Na yi masa nasiha, ya ce in kawo masa hujja ta lissafi. Shin da gaske wannan dabara tana aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri da ba ka zuba masa ido ba. A'a, ba ta aiki, kuma babu wani tsarin jera kuɗi da zai yi aiki in tafiya ta yi nisa. Ribar da ya nuna maka mai yiwuwa gaskiya ce, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin da irinta wannan dabara ke riƙe mutum har ranar da za ta kayar da shi.

Mu fara da faifan kansa. Wanda ake kira na Turai yana da gurbi 37: lambobi daga 1 zuwa 36, rabi ja rabi baƙi, sai sifili guda ɗaya mai launin kore. Wanda ya sa naira 1,000 a kan ja yana da gurbi 18 da za su ba shi nasara, 19 kuma za su kayar da shi, domin in ɗan ƙwallon da ake jefawa a kan faifan ya faɗa sifili, da mai ja da mai baƙi duk sun faɗi. Amma in ya ci, 1,000 kawai za a ƙara masa, kamar dai cin da faɗuwar daidai suke. Haka wanda ya zaɓi lamba guda: ana biyansa ninki 35, alhali da adalci ake bi ninki 36 ya kamata. Wannan ɗan giɓi shi ne rabon gidan caca, kashi 2.7 cikin ɗari na duk kuɗin da aka ɗora. A faifan Amurka, mai sifili biyu da gurbi 38, rabon ya kai kashi 5.26. Ba a ɓoye yake ba, a cikin ƙa'idar biyan kuɗin aka gina shi, shi ya sa gidan ba ya ma buƙatar yin maguɗi.

Dabarar ƙanenka tsohuwa ce, ana kiranta Martingale, an san ta a Faransa tun ƙarni na 18. Bari mu ɗora ta a kan naira. Ya fara da 500, ya faɗi, ya sa 1,000, ya faɗi, ya sa 2,000, sai 4,000, sai 8,000. A karo na goma sai ya ɗora 256,000, kuma in wannan ma ta tafi, jimillar abin da ya rasa ya kama 511,500. Ka lura da wani abu: ko a karo na biyu ya ci, ko a na goma, ribarsa 500 ce tak. Mutum ya ɗora dubu ɗari biyu da hamsin da shida, gabansa na faɗuwa, don ya samu kuɗin da ko katin waya na kirki ba za su saya ba.

Zai ce maka faɗuwa goma a jere ai ba ta yiwuwa. Tana yiwuwa, kusan sau ɗaya a cikin zagaye 784 (zagaye guda shi ne daga sa 500 na farko har ya ci, ko ya faɗi sau goma a jere). A zagaye 783 da ya yi nasara ya tara 391,500, zagaye ɗayan da ya ƙi ya kwashe 511,500. Ya tashi da giɓin naira dubu 120. Wanda kuma ke danna waya dare da rana, zagaye 300 ba wani abu ba ne a wurinsa, kuma a cikin 300 ɗin nan kusan mutum ɗaya cikin uku zai haɗu da wannan faɗuwa. Sauran biyun su ne ke yawo suna nuna riba, su ja wasu. Ƙanenka a yanzu yana cikin biyun nan.

Akwai wani lissafi da nake so ka karanta masa a hankali. A ce yana da wannan 511,500 yana son ya ninka ta. In ya bi dabararsa, sai ya yi zagaye 1,023 ba tare da mummunar faɗuwar ta same shi ba, damar hakan kuwa kusan kashi 27 ce cikin ɗari. Da zai ɗora kuɗin gaba ɗaya a kan ja sau ɗaya, damarsa ta haura kashi 48. Ba ina cewa ya yi hakan ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna masa ne cewa dabarar da yake taƙama da ita ta fi gangancin ma muni, saboda tana sa kuɗinsa su yi ta ratsawa ta gaban gidan caca, kowace ratsawa a yanki kashi 2.7. Ga kuma iyakar da kowane gida ke sa wa abin da za a iya ɗorawa a karo guda, wadda ke tsayar da ninkin ko da aljihu bai ƙare ba.

Sauran tsare-tsaren jera kuɗi, irin su D'Alembert da Fibonacci, waɗanda ke ƙara kuɗin a hankali maimakon ninkawa, tafiyarsu ce kawai ta fi sanyi. Kamar mai awo ne da ke rage cokali ɗaya a kowane mudu: ko ka saya mudu-mudu, ko ka haɗa buhu, ko ka riƙa sauya yawan da kake saya, cokalin nan yana fita a kowane mudu. Wanda ya juya jimillar naira 100,000 a faifan Turai, abin da lissafi ke sa ran zai rasa 2,700 ne, ko ta wace hanya ya jera su.

Sai ruɗin "baƙi ya fito sau shida, yanzu dole ja ya fito". Faifai ba ya tuna abin da ya wuce. A gidan caca na Monte Carlo da ke ƙasar Monaco, ranar 18 ga Agusta 1913, baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa lokacinsa ya yi, suka tafka asara. A juyi na 27 ma damar ja tana nan yadda take tun farko, 18 cikin 37.

Idan ya kawo maka labarin waɗanda suka taɓa cin rulet, to ka sani ba da jera kuɗi suka ci ba. Joseph Jagger, wani mutumin Ingila a ƙarni na 19, ya gano faifan da ya karkace ne, wasu lambobi suna fitowa fiye da ƙima. Edward Thorp da Claude Shannon kuma, masana lissafi ’yan Amurka, a 1961 sun haɗa wata ƙaramar kwamfuta da ke auna gudun ƙwallo da na faifai. Duk aibin na'ura da yanayin motsi suka kama. A manhajar waya kuwa galibi kwamfuta ce ke fitar da lamba, faifan da yake gani zane ne, babu ƙarfen da zai lanƙwashe. In ma manhajar ta marasa gaskiya ce, to rabonsu ya wuce 2.7, kuma ranar cire kuɗi za a ji labari.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ambace ta ƙarara, kuma na san ka riga ka tuna masa. Tunda lissafi ya nema, ku zauna da takarda da biro bayan Isha, ba a gaban abokansa ba. Ka sa shi ya rubuta ninkin da hannunsa har zuwa na goma, sannan ka tambaye shi a karo na nawa kuɗinsa za su ƙare, kuma wa zai je ya ranta a hannunsa daga nan. Ka kuma bincika a hankali ko ya riga ya fara cin bashi ko taɓa jarin wani, domin masu ninki sukan kai nan kafin a gane a gida. In ya nemi rance a wurinka don "ya kammala zagaye", kada ka ba shi ko sisi.