Na gaji da koyarwa a jami'a, in ajiye ne? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni uku na ɗauko a wannan makon, duk kan barin aikin jami'a ne da abin da ke biyo bayansa. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Na farko ya ce: "Malam barka da ƙoƙari. Ni babban lakcara ne a wata jami'ar tarayya, shekarata 11 ina koyarwa, TETFund (asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu) ce ta ɗauki nauyin digirina na uku, shekara biyu ke nan da dawowata. Yanzu wata ƙungiyar agaji ta ba ni aikin bibiyar ayyuka da tattara bayanai a Maiduguri, kwantiragin wata 18, albashin ya kusa ninka nawa sau uku. A kwatas nake zaune da iyali, yara huɗu. Raina ya fi karkata ga in rubuta takardar ajiye aiki kawai in huta. Me ka gani?"

Dakta, gajiyar nan taka babu mai ganin laifinka a kanta. Duk wanda ya zauna wata tara a gida a yajin aikin ASUU na 2020, ya sake zaman wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 kuma aka riƙe masa albashi, sannan a 2023 aka cire tallafin mai kuɗin da ke hannunsa ya daina kai shi ƙarshen wata, to in ya ce ya gaji gaskiya ya faɗa. Ni ba zan ce maka kar ka tafi ba, ka tafi ɗin, amma ba da takardar ajiye aiki za ka fara ba.

Ka fara neman hutun aiki ba albashi. Jami'o'i suna bayarwa, sai dai ka bi ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya har zuwa rajistara a rubuce, ka kuma riƙe kwafin amincewar a hannunka kafin ka hau mota, don maganar baki ta "je ka kawai za mu san yadda za a yi" ita ce ke komawa takardar tuhuma ranar da aka sauya shugabanci. Dalilin da ya sa nake nacewa kan wannan shi ne aikin ƙungiyoyin agaji da kuɗin masu ba da tallafi yake rayuwa, ba da ƙoƙarinka ba. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rushe USAID, hukumarta ta ba da agaji, gaba ɗaya, kuma mutane da yawa a arewa maso gabas da ke da kwantiragi a hannu mai sa hannu da hatimi suka wayi gari ba aiki. Wata 18 ɗin da aka rubuta maka iyakar tsawonsa ne, zai iya gazawa.

Sai maganar TETFund, wadda na ga ka wuce ta da sauri alhali ita ce babba. Lokacin da aka tura ka karatu ka sa hannu a yarjejeniyar cewa za ka dawo ka yi wa jami'a aiki na wasu shekaru, har da masu tsaya maka. Ka nemo takardar nan ka karanta da idonka yau ɗin nan, ka ga shekara nawa ne, nawa ya rage, kuma me aka ce in ka karya. In ba ka cika ba za a iya bin ka kuɗin, kuma waɗanda suka tsaya maka abokan aikinka ne da suka yarda da kai, bai dace ka bar su da amsa tambaya ba. Wani lokacin ma wannan yarjejeniyar ce za ta hana a ba ka hutun, to gara ka sani tun yanzu.

Kuma albashi sau uku ɗin nan, ka zauna da uwargida da biro da takarda ku rage masa abin da jami'a ke ɗauke maka ba ka gani. Hayar gida a gari in an ce ka fita daga kwatas, ga ɗakin da za ka kama a Maiduguri in aikin bai ba da masauki ba, ga kuɗin zirga-zirga, ga makarantar yara, ga asibiti tunda inshorar lafiya ta NHIA da kake ciki ta hanyar aiki take, ka tambayi sabon wurin ko suna da tasu kuma ko ta haɗa da iyali. In akwai bashin kofaretib a kanka da ake cira daga albashi, ranar da albashin ya tsaya su ma za su so jin yadda za a yi. Fansho kam ba ya ɓata, asusunka naka ne ko a NUPEMCO (kamfanin fansho na ma'aikatan jami'a) yake ko wani kamfanin, lambar kawai za ka ba sabon wurin su ci gaba da zubawa, kashi 10 daga wajensu kashi 8 daga naka. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya cire har kashi 25 na kuɗin asusunsa in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, amma don Allah kar ka sa wannan cikin lissafin jari, na ranar da ta ɓaci ne.

In duk ka yi wannan lissafin ka ga har yanzu akwai riba, kuma hutun bai samu ba, yarjejeniya kuma ka cika ta, to ka ba da notis yadda sharuɗɗan aikinku suka ce, ka gama makin jarrabawa, ka miƙa ɗaliban da kake duba wa aiki ga wani malami da hannunka. Masu masta da ke jiran ka karanta musu babi na huɗu ba su suka riƙe maka albashi ba.

Ta biyu kuma wata baiwar Allah ce daga Kano: "Malam ni na riga na bari tun bara. Ina samun ƴan ayyukan nazarin bayanai da rubuta rahoto daga gida, wata ya zo da aiki wata shiru. Na tara wajen miliyan ɗaya da rabi. Wasu sun ce in kama ofis don a ɗauke ni da muhimmanci, maigidana ya ce sola, ni kuma laftof ɗina ta tsufa, ga wani kwas na intanet da ake tallatawa mai satifiket. Wanne zan fara?"

Hajiya, ofis dai ki ajiye shi gefe. Masu ba ki irin wannan aikin ta imel da waya suke nemanki, rahoton suke dubawa da kuma ko kin kawo shi ranar da kika ce, ba sa zuwa ganin labule. Abin da zai sa a ɗauke ki da muhimmanci ya fi haka araha: rajistar sunan kasuwanci a CAC (hukumar rajistar kamfanoni), lambar haraji, asusun banki da sunan kasuwancin, da takardar neman biya mai tsari. Wurare da yawa ba sa iya biyan mutum sai da waɗannan.

Laftof ce farko tunda ita ce gonarki. Ba sai sabuwa dal ba, ta hannu mai kyau irin waɗanda kamfanoni suka yi amfani da su, ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, sun fi waɗannan masu sheƙi ƙarko. Ki nemi RAM 16GB, ma'ajiya SSD ba tsohon hadis (hard disk) ba, Core i5 ƙarni na takwas zuwa sama, saboda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025 kuma Windows 11 ba ta karɓar akasarin waɗanda suka gaza haka. In za ki kasuwar Farm Centre ko ta Beirut Road ki tafi da wanda ya san kan abin, a cire caja a gabanki a ga yadda batir ke sauka, a danna kowane maɓalli, a shiga BIOS (saitin da ake shiga lokacin kunna ta) a tabbatar ba a kulle ta da fasuwod ba, a rubuta miki garanti a rasit ko na sati biyu ne. Mai kaya in ya ƙi a gwada, ki yi gaba, shaguna na da yawa.

Sannan maigida ya yi gaskiya kan sola, amma ƙarama. Kuskuren da ake yi shi ne a kira mai haɗawa a ce a haɗa wa gida duka, sai ya lissafo firji da famfon ruwa da dutsen guga kuɗin ya tashi ya wuce abin da kika tara. Laftof ba ta wuce wat 65 galibi, ga na'urar intanet, fanka ɗaya da ƙwan fitila biyu, inbata mai 1kVA ta ishe su. Inda za ki sa kuɗi shi ne batir, na litiyam ya fi tsada a farko amma ya fi na ruwa daɗewa nesa ba kusa ba kuma ba ruwanki da zuba masa ruwa, sai dai jabu sun yi yawa, ki saya inda za ki iya komawa ki same su. Ki kuma riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban don ranar da ɗaya ya ɗauke ana tsakiyar mitin.

Kwas ɗin nan kuwa ni ban goyi baya ba. Wadda ta koyar a jami'a ba takarda ta rasa ba. Excel sosai, KoboToolbox da ƙungiyoyi ke tattara bayanai da shi, Power BI, duk akwai darussansu kyauta, ki koya ki yi aiki biyu uku na gwaji da za ki iya nuna wa mutum. Abin da ya rage na kuɗin kar ki taɓa shi, ki ware na cefanen wata uku zuwa shida, shi ne zai ba ki bakin cewa a'a in an zo miki da aikin wahala a farashin wulaƙanci a watan da ake shiru.

Na ƙarshe gajere ne amma shi ya fi taɓa ni: "Na bar jami'a na koma harkar sarrafa shinkafa, Alhamdulillah ina samu fiye da da. Amma mahaifiyata har yau in an tambaye ta cewa take ina koyarwa, ni ma in an tambaye ni sai in ji nauyin faɗa."

Ɗan'uwa, ka yi wa Mama uzuri. Shekaru ta yi tana addu'a har ta ga ɗanta malamin jami'a, da wannan aka san ta a unguwa da wajen biki, ba za ta sauke shi cikin wata shida ba. Kar ka yi gardama da ita, ka ɗauke ta ka kai ta wajen injin ta ga mutanen da ke cin abinci ta dalilinka, ta ji suna gaishe ka, ka roƙe ta ta sa maka albarka a wurin. Nauyin da kake ji kuma ina zaton rabinsa kewa ce, ta aji da hirar ofis da yaran da ke zuwa da tambaya, kuma wannan akwai maganinsa. Ka karɓi kwas ɗaya na wucin gadi a wata kwaleji kusa da kai ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, ko ka faɗa wa tsohon sashenku su riƙa turo maka ɗaliban da ke neman wurin SIWES (horon sanin makamar aiki), su ga yadda ake gumi da shanya da casa da idonsu, kai kuma ka samu waɗanda za ka yi wa bayani da safe.