Amsa ga mai tambaya kan tsofaffin sulallan azurfa na Ingila

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka samu gwangwani cike da kuɗin Ingila na kafin canjin 1971, lokacin da aka koma lissafin goma-goma, kana tambayar ta ina za ka fara, kuma ko ka goge su su yi ƙyalli.

Don Allah kada ka goge ko ɗaya. Wannan duhu-duhun da ka gani a jikinsu shekaru ne suka ɗora shi, masu saye kuwa suna son sa. Man goge ƙarfe yana barin ƙananan karce, wanda ya san harkar da kallo ɗaya zai gane, farashi ya faɗi. Na sha ganin kuɗi masu kyau da aka lalata haka, abin yana min ciwo har yau.

Fara da ware su bisa shekara. Taro, sisi, sule, fataka (mai sule biyu) da mai sule biyu da sisi, duk wanda aka buga kafin 1920 azurfarsa kashi 92.5 ce cikin ɗari. Daga 1920 zuwa 1946 rabi ce kawai, ban da taro mai kusurwa goma sha biyu da aka fara a 1937, shi ba shi da azurfa. Daga 1947 babu azurfa sam, jan ƙarfe ne da nikel. Ka nemi ƙaramin sikeli: sule kusan giram 5.65 ne, fataka 11.3. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu, amma in ragin ya yi yawa ka yi hattara, jabu suna yawo, musamman na 1905, domin sule da mai sule biyu da sisi na shekarar ba su da yawa.

Ni dai ba nauyin azurfa nake bi ba, zane nake bi, kuma fataka ce ta fi kama min zuciya. A 1849 aka fara fitar da ita, kashi ɗaya cikin goma na fam, tun a lokacin ana gwajin lissafin goma-goma. Bugun farko ya jawo surutu saboda an bar kalmomin da ke cewa sarauniya na mulki da yardar Allah. Daga 1851 zuwa 1887 aka yi mai rubutun Gotik, wato tsohon salon rubutun Turawa mai ƙawa: Sarauniya Biktoriya da kambi a ka, gashinta a kitse, shekarar kuma da lambobin Rumawa, shi ya sa sabon shiga yake ɗauka ba ta da shekara. Kan sarauniyar aikin William Wyon ne. Sa madubin ƙara girma ka dubi kitson nan, can ne lalacewa take fara bayyana, da shi nake auna kyan kowace kafin in biya.

Sai ta zamanin Sarki Edward na Bakwai, 1902 zuwa 1910, inda macen da ke wakiltar ƙasar Biritaniya take tsaye a goshin jirgin ruwa, iska na kaɗa mayafinta. Matsalarta ɗaya, shekarar tana saurin gogewa. Guda ɗaya mai shekara ɓaro-ɓaro ta fi min biyar da suka shafe.

Ka kuma duba sisin 1887 mai garkuwa a baya. An janye shi da wuri saboda 'yan damfara suna shafa masa ruwan zinare su ba da shi a matsayin rabin fam na zinare.

Wajen ajiya, ka riƙe su ta gefe, kowane da mazubinsa, ka guji leda mai laushi ta PVC don tana sa su yin kore. Ka ɗauko mana hoton gaba da baya na fatakun da ke cikin gwangwanin, mu duba maka su ɗaya bayan ɗaya.