Filin Tambayoyin Makiyaya: Saniyata ta ƙi neman bajimi

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ina da saniya Bunaji, ta haihu yau wata bakwai kenan amma har yanzu shiru, bata nemi bajimi ba, ga maraƙin nan yana ta tsotso ita kuma duk ta rame tun shigowar rani. Wani a kasuwar kara ya ce in sayi allurar homon in yi mata, wai kwana uku za ta nemi barbara. Dan Allah in yi? Daga mai kiwo a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Dan Allah kar ka yi gaggawar allurar nan, bari ka ji yadda abin yake a ciki tukuna.

Saniya na da ma'ajiyar ƙwai guda 2, a cikinsu akwai 'yan ƙananan jakunkuna masu ruwa, kowace da ƙwai ɗaya. Wani homon (sinadarin da jiki ke yi don isar da saƙo ta cikin jini) da ake ce wa FSH, daga wani ɗan nama a ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, shi ke tada su ayari guda su fara girma tare, sai ɗaya ta fi sauran ƙarfi ta fara fitar da sinadaran da ke rage FSH ɗin, toh sauran sai su lalace ita ta ci gaba. Shi ya sa saniya galibi ɗa ɗaya take haifa. Irin wannan tashin yana faruwa sau 2 ko 3 a zagaye guda na wajen kwana 21, wato daga neman bajimi ɗaya zuwa na gaba.

Jakar da ta yi nasara tana buƙatar homon na biyu, LH, kafin ta nuna ta fitar da istirojin mai yawa, wanda shi ne ke sa saniya ta yi ta kuka tana hawan 'yan uwanta tana zubar da yauƙi, daga nan jakar ta fashe ƙwai ya fito. To anan matsalar saniyarka take a ganina. Akwai wani sinadarin girma IGF-1 da hanta ke yi, shi ke sa jakar ta ji kiran FSH da LH sosai, kuma idan dabba na cikin yunwa tana ba da nono daga jikinta sai ya ragu, LH ma ya ragu, ga tsotson maraƙi shi ma yana danne LH ɗin. Jakunkunan suna tashi fa, amma kafin su nuna sai su koma, haka za a yi ta yi wata da watanni kai kana ganin shiru.

Allurar da aka fi sayarwa don wannan, furostagilandin, aikinta narkar da wani ɗan ƙulli da ke fitowa bayan ƙwai ya fita. Idan ƙwai bai taɓa fita ba babu abin da za ta narkar, ka yi asarar kuɗi. Abin da ya fi tada min hankali kuma, idan akwai ƙaramin ciki da baka sani ba za ta zubar da shi. Shanunmu masu tozo neman nasu gajere ne kuma sau da yawa cikin dare, mai yiwuwa bajimi ya hau ta baka gani ba.

Don haka fara kiran likitan dabbobi ya sa hannu ya duba ko da ciki. In babu, ka ƙara mata harawa da dusa da angurya, gishirin lasa da ruwa wadatacce, a ba ta maganin tsutsar ciki. Maraƙin ya kai wata bakwai, ka yaye shi ko ka rage masa tsotso zuwa sau ɗaya a rana. Ka riƙa leƙa ta da asuba da bayan magariba, in ta murmure wata biyu shiru sai likitan ya zaɓi allurar da ta dace da abin da ya taɓa da hannunsa.