Tambaya da Amsa: Yaya zan ja wuta da fitilu a akwatin tsohuwar motar soja?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Na sayi tsohuwar babbar motar soja a gwanjo, irin mai rufaffen akwatin ƙarfe a baya, ina so in mayar da shi wajen aiki da ɗan kwana. So nake idan na faka kusa da gini in jona wuta daga soket, sannan in sa fitilu a ciki. Wani ya ce kawai in huda bodi in zura wayar ekstenshan, fitilu kuma in ja daga batir ɗaya. Hakan zai yi? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya shawarar nan kar ka ɗauke ta, duka biyun, musamman ma ta farkon don ita tana iya kisa.

Ka fara gane abin da ke hannunka. Akwatin nan ƙarfe ne zaune a kan tayoyin roba, wato ba shi da hanyar da zai sauke wuta ƙasa. Ranar da gefen ramin da ka huda ya ci rigar waya, kuma zai ci tunda mota kullum cikin girgiza take, to bodin gaba ɗaya ya ɗau wuta kenan kuma babu abin da zai nuna maka, fitila na ci fanka na juyawa, sai wanda ya zo ya kama ƙofa ƙafarsa a ƙasa shi ne zai zama hanyar. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk aikin nan, fitilu masu sauƙi ne.

Don haka ka sayi mashigar wuta ta ainihi wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, mai murfi da ke hana ruwa. Inda ake amfani da volt 230 akwai shuɗiyar nan mai ƙafa uku ta amp 16, a Amurka kuma masu motocin kwana sun fi amfani da volt 120 amp 30. Ta jikin mota ita ce mai ƙafafu, bakin wayar da ke ɗauke da wuta kuma ya zama mai ramuka. Waya mai fulogi kai biyu, wato mai ƙafafu ta kowane ɓangare, don Allah ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, don in ka jona kai ɗaya ƙafafun ɗayan za su ɗau wuta a fili.

Daga mashigar, waya ta tafi kai tsaye cikin ƙaramin akwatin bireka, kar ka bari ta yi nisa. Abu na farko a ciki RCD ne na 30mA, shi ne mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum ko bodi, sannan bireka mai yanke laif da nutural tare, wato wayar da ke kawo wuta da wadda ke mayar da ita, saboda ba ka san yadda aka haɗa soket ɗin da za ka jona ba, sau da yawa za ka tarar an juya su. Wayar ƙasa kuma, mai kore da rawaya, wadda ke kwashe wutar da ta zurare, ka ɗaure ta a jikin akwatin ƙarfen motar da noti, ka kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes, sannan ka ja wata mai kauri daga akwatin zuwa shasi don wasu akwatunan a kan katako ko roba suke zaune. Amma fa nutural kar ka haɗa shi da bodi ko da wayar ƙasa a cikin motar, wannan haɗin can wajen tushen wutar ake yin sa. In daga baya ka ƙara inbata ko janareta sai ka sa canja-oba yadda tushe biyu ba za su taɓa haɗuwa ba.

Waya ka yi amfani da mai silli-silli, 2.5mm² ga layin amp 16. Mai ƙarfe ɗaya sandararre ta gini ce, girgiza na karya ta a bakin sukuru. Duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a kuma toshe ramin da silikon.

Yanzu fitilu. Yawancin manyan motocin soja volt 24 ne, batir biyu na 12 aka jera. In ka ja daga guda ɗaya shi zai riƙa sauka ɗayan yana cika fiye da kima, a hankali ka rasa su duka. Ni a ganina mafi kyau ka sa fitilun LED waɗanda aka rubuta musu 10 zuwa 30 volt, don lokacin da inji ke aiki wutar tana kaiwa wajen 28, kuma ba sa ci, fitilar watt 10 ko rabin amp ba ta ja a kan 24. In akwai kayan volt 12 da dole sai da su, sa kwanbata mai sauke 24 zuwa 12.

Kuma ka ware wa akwatin nasa batir daban da na tada mota, da caja da za ta riƙa cika shi duk lokacin da ka jona wutar waje, ta haka ko an ɗauke wuta ko kana kan hanya kana da haske kuma da safe mota za ta tashi. Fis ya zauna dab da kan batir. Wayoyin batir da na wutar waje kowanne da bututunsa.

In ka gama, kafin ka fara kwana a ciki ka kira ƙwararren mai wayarin ya auna maka wayar ƙasa daga mashiga har bodi, ya gwada RCD ɗin. Ka kuma ajiye ƙaramin abin gwajin soket a motar, duk inda ka je ka fara duba soket ɗin wurin kafin ka jona, don RCD ba ya maye gurbin wayar ƙasar da babu ita a ginin.