Amsa: Me ya kamata a ambata wajen tunawa da Mai Shari'a Uwais?

Malam, kana tambayar abin da ya dace ka saka a jawabin tunawa da marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, don kada ya zama jerin yabo kawai.

Ka fara da tarihinsa a taƙaice. An haife shi a Zariya a 1936, ya shiga Kotun Ƙoli a 1979, ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006, lokacin da ya cika shekara 70 ya yi ritaya. Ya rasu a watan Yunin 2025, Allah Ya jiƙansa.

A ganina, inda ya kamata ka fi tsayawa shi ne aikinsa bayan ritaya, domin a 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa shi shugaban kwamitin gyaran harkar zaɓe, kuma rahoton da suka miƙa a 2008 ya ba da shawarar a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a sa Majalisar Shari'a ta Ƙasa (NJC), mai kula da harkokin alƙalai, ta tantance masu neman muƙamin. Gwamnati ba ta amince da wannan shawarar ba, kuma har yau ana komawa kanta.

Kada ka rikita muƙaminsa da na Girandi Kadi, wanda ke shugabantar kotun ɗaukaka ƙarar Shari'ar Musulunci a jiha. Idan za ka ambaci wani hukuncinsa, ka nemi lauya ya duba maka kundin hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, domin sau da yawa akan jingina wa alƙalin da ya shugabanci zaman kotu hukuncin da wani alƙali ya rubuta.