Ina Son Zama Injiniya, An Ce In Tafi Kwatano In Gama Cikin Shekara Uku

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne daga Kumo a Jihar Gombe. Na kammala sakandare a ajin kimiyya, kuma Allah ya ba ni kiredit a Turanci da lissafi da fizis da kimistiri da wasu darussa biyu. Burina shi ne in karanta injiniyan man fetur a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi, musamman tun da aka fara maganar haƙo mai a Kolmani. Sai dai makin da na samu a JAMB bana bai kai ba. Wani mutum ya zo wurin mahaifina ya ce idan aka ba shi kuɗi zai samo mini gurbi a wata jami'a a Kwatano, in gama digirin injiniya cikin shekara uku, babu JAMB babu yajin aiki, ya kuma ce ko a nan gida yana da hanyar shigar da ni ba sai ta JAMB ba. Yanzu haka mahaifina yana shirin sayar da gonarsa guda. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron zaman gida alhali abokaina sun yi gaba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kafin mu shiga maganar kwas ko jami'a, ka je wurin mahaifinka cikin ladabi ka roƙe shi ya dakata da cinikin gonar nan. Sakamakonka na sakandare ya riga ya cika sharaɗin karatun injiniya, domin abin da ake nema shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da fizis da kimistiri, a zama ɗaya ko biyu. Abin da ya rage maka shi ne JAMB, ita kuwa kowace shekara ana sake ta, amma gonar da ta fita hannu da wuya ta dawo.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne tunanin da mutumin nan yake kasuwanci da shi, wato cewar da ake yi takarda ai takarda ce, muddin an rubuta digirin injiniya a jikinta to magana ta ƙare. Kusan kullum sai na ci karo da wannan magana a bakin iyaye da ɗalibai, har ma da ma'aikatan da ya kamata a ce sun fi kowa sani. A aikin injiniya kuwa takarda ba ta da wata daraja sai idan hukumomin da doka ta ɗora wa alhaki sun san kwas ɗin da ya haife ta. Idan jami'a ce, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke tantance kwas; idan kwalejin kimiyya da fasaha ce, hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ce ke yi. Bayan su kuma akwai COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda aka kafa da doka ta 55 ta shekarar 1970, kuma ita ma tana tura tawagarta makarantu ta duba malamai da ɗakunan gwaji da injunan koyarwa da yawan ɗalibai kafin ta amince da kwas. Ka lura da kyau, kwas-kwas ake tantancewa. Jami'a guda tana iya samun amincewa a injiniyan gine-gine, amma sabon sashen da ta buɗe bara bai samu ba tukuna. Saboda haka ko a jami'ar gwamnati ne, sanin sunan makarantar bai wadatar ba, sai ka tambayi matsayin sashen da za ka shiga.

Dalilin da ya sa wannan ya zama abin kula shi ne, kammala digiri bai mai da mutum injiniya a idon doka ba. Bayan karatu akwai bautar ƙasa, sannan sai ka yi aiki na shekara huɗu a ƙarƙashin waɗanda suka riga ka, ka rubuta rahoton ayyukan da ka sa hannu a ciki, ka zauna gaban manyan injiniyoyi su yi maka tambayoyi, kafin COREN ta ba ka lambar rajista da hatimi. Da wannan lamba ce kake da ikon sanya laƙabin injiniya a gaban sunanka a takardar aiki, da ita kake sa hannu a zanen gada ko bene ko layin wuta, kuma ita ce ma'aikatu da manyan kamfanoni suke tambaya idan aka zo maganar shugabancin aiki. Wanda ya fito daga kwas ɗin da ba a tantance ba, a nan ne yake gane abin da aka yi masa, lokacin yana da shekara talatin da iyali, mai dillancin gurbin kuwa ya daɗe da canza lambar waya.

Yanzu mu dubi shekara ukun da aka yi maka alkawari. Digirin injiniya a Najeriya shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB, kuma ba don mugunta aka tsawaita shi ba. Shekarar farko tana tafiya ne wajen ƙarfafa lissafi da fizis da kimistiri. A ta biyu kusan dukkan sassa ake haɗawa a koya musu lissafin injiniya da zane da ƙarfin kayan aiki da ilimin zafi da na gudanar ruwa da tushen lantarki, a kuma shigar da su wurin aikin hannu su riƙe zarto da injin walda da na sassaƙa ƙarfe. A aji huɗu ɗalibi yana barin makaranta wata shida ya tafi masana'anta ko wurin gini don sanin makamar aiki, ƙarƙashin shirin SIWES da asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973, sannan ya dawo aji biyar ya yi aikin bincikensa na ƙarshe. To ka tambayi mutumin nan, a cikin waɗannan wanne aka cire har karatun ya koma shekara uku? Ina injin da ɗalibi zai matse dunƙulen kankare da shi ya ga nauyin da yake ɗauka kafin ya fashe? Makarantar da ta kama hayar bene guda a bakin titi ba ta da wurin ajiye irin waɗannan kaya, balle kuɗin sayensu.

Ba ina cewa duk wata jami'a da ke Jamhuriyar Benin ta bogi ba ce, akwai na gwamnati masu tsari da mutunci. Amma irin waɗanda dillalai suke yi wa talla gida-gida, labarinsu ya riga ya fito fili. A ƙarshen Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya wallafa bincikensa a jaridar Daily Nigerian, inda ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya samu shiga bautar ƙasa. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, daga baya kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa jami'o'i takwas kaɗai aka amince da su a ƙasashen biyu, biyar a Benin uku a Togo, kuma an gano 'yan Najeriya sama da dubu 22 suna yawo da takardun bogi daga can. Abin takaici shi ne bayan duk wannan tonon silili har yanzu ana samun masu shiga ƙauyukanmu da jaka a hannu suna karɓar kuɗin gonaki, saboda sun san iyaye da yawa ba su ji labarin ba, waɗanda suka ji kuma an ce musu ai an sasanta.

Hanyar gida da ya ce yana da ita ma ba ta fi ta Kwatano tsabta ba. Tun 2017 JAMB ta fito da tsarin CAPS, wanda ta cikinsa ne kaɗai ake ba da gurbin karatu na halal. Kai da kanka za ka shiga shafinka ka ga an ba ka, ka amsa ko ka ƙi, sannan ka buga takardar shaida. Duk wanda aka shigar ta bayan fage yana iya zama a aji har shekara biyar yana cin jarrabawa, amma ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa sai a tarar babu shi a jerin JAMB, daga nan kuma sai zirga-zirga tsakanin ofis da ofis, kowa yana tura shi gaba. Ina jin haushin wannan jeka-ka-dawo na ofisoshinmu ƙwarai, amma gaskiya ita ce wanda ya shigo ta ƙofa ba ya faɗawa cikinsa.

Akwai kuma abin da ya wuce asarar kuɗi da shekaru. A garuruwanmu mai gyaran janareto da mai wayarin da birkila duk ana kiransu injiniya, kuma ban ga laifin wannan girmamawa a bakin jama'a ba, domin mutane ne masu sana'a ta gaske, COREN ma tana da rajista ta musamman ga masu fasaha da masu aikin hannu, kowa a matsayinsa. Matsala tana farawa ne ranar da mai takardar da babu ilimi a bayanta ya karɓi aikin bene, ya ƙayyade kaurin rodi da yawan siminti da ido, ko ya ce ai haka aka yi a gidan Alhaji wane kuma bai faɗi ba. Kankare ba ya duba takarda. Likitan bogi mutum guda yake cutarwa a lokaci guda, amma dekin makarantar Islamiyya idan ya rufta, da yara ajin duka yake tafiya. Wanda ya sayi digiri ya hau irin wannan aiki ya ɗauki amanar rayuka da ƙarya, kuma zai amsa tambaya a kanta gaban Allah ko da babu kotun da ta kira shi.

Game da abin da za ka yi da shekarar nan, hanyoyin halal suna nan. Kana iya zama ka sake JAMB, ka ba lissafi da fizis mafi yawan lokacinka, domin su ne suke jan makin masu neman injiniya ƙasa, kuma su ne za su bi ka har aji biyar. Kana iya yin IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da shi, wanda idan ka ci da kyau zai shigar da kai aji biyu kai tsaye. Idan kuma makinka na bana ya isa kwalejin kimiyya da fasaha, ka nemi canjin makaranta a cibiyar JAMB ka koma irin ta tarayya da ke Bauchi ko ta Kaltungo ko ta jiha da ke Bajoga, bayan ka tabbatar da matsayin kwas ɗin, ka yi difloma ta shekara biyu da sakamako mai kyau, sannan ka nemi aji biyu a jami'a. Ni ina ganin darajar wannan hanya, domin yaran da suka biyo ta sukan fi takwarorinsu sakin hannu a wurin aiki. Abu guda za ka sani tun yanzu: wanda ya tsaya a babbar difloma, rajistar da COREN take yi masa ta masanin fasaha ce, wadda ta bambanta da ta injiniya, don haka idan burinka na biyun ne sai ka tsara komawa jami'a.

Maganar man fetur kuwa, ina so ka sake tunani. Gaskiya ne a Nuwambar 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe, amma bai kamata yaro ya ɗaure rayuwarsa da rijiya guda ba. Ko a kamfanin mai, masu kula da famfuna da bututu da wutar lantarki da hanyoyi da sarrafa sinadarai sun fi masu digirin man fetur yawa. Wanda ya karanta injiniyan injuna ko lantarki ko sinadarai yana iya aiki a rijiyar mai idan ta samu, idan ba ta samu ba ga masana'antar siminti ta Ashaka, ga tashar wutar Dadin Kowa mai megawat 40, ga aikin ruwan Gubi da ke shayar da Bauchi, ga harkar sola da take bazuwa a kowace unguwa. Mai digirin man fetur ƙofofinsa kaɗan ne, kuma yawancinsu suna Kudu. ATBU, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana da waɗannan sassa duka, kuma wanda ya fito da sakamako mai kyau a ɗayansu yana iya ƙwarewa a harkar mai a digiri na biyu, har ya nemi tallafin karatu na asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF. Kafin lokacin, idan akwai kwamfuta a kusa da kai, ka fara koyon manhajar lissafi ta Excel da ta zanen injiniya ta AutoCAD a watannin da kake gida, ka kuma riƙa bin wani mai aikin wayarin ko walda a Kumo kana kallon yadda ake yi.

Idan mutumin ya dawo, kada ka yi masa gardama a gaban mahaifinka, wannan ba tarbiyya ba ce kuma ba za ta amfane ka ba. Ka roƙi Baba ya nemi ya rubuta cikakken sunan jami'ar da sunan kwas ɗin a takarda, sannan a kai wa wani malamin makarantarku ko wani injiniya mai rajista a reshen ƙungiyar injiniyoyi ta NSE da ke Gombe, a duba ko tana cikin waɗanda ma'aikatar ilimi ta tarayya ta amince da su, a kuma tambayi COREN ko tana yi wa waɗanda suka fito daga can rajista. Kada a ba da ko sisi kafin amsar ta zo a rubuce.