Ko zagi ne a ce miki "slim"?

'Yar'uwa, kin tambaya ko zagi ne da abokiyar aikinki ta ce miki "slim". Kwantar da hankalinki, yabo ne. Siririn mutum mai kyan diri ake faɗa wa haka. Wadda za ki kiyaye ita ce "skinny": ramamme ke nan, har ƙashin wuya ya fito. Don Allah kada ki faɗa wa wanda ba ku saba ba, tana ɓata rai.

Kalmar "slim" ba a jiki kaɗai ta tsaya ba. In tela ya ce "slim fit", ɗinki ne mai kama jiki. "Slim chance" kuwa, da wuya abu ya yiwu. A Yuganda ma, a shekarun 1980, "slim" suke kiran cutar ƙanjamau, saboda yadda take ramar da mutum.